Sabbin Wayoyin Manasseh

Manasseh mai walda ne a unguwar Mayo Gwoi cikin Jalingo, amma in ka tambaye shi sana'arsa zai ce maka shi makaɗin bes ne. Walda tuwo kawai take kawowa. Bes, doguwar jitar nan mai waya huɗu da muryarta ke fitowa kamar daga ƙasan rijiya, ita ta tsayar da shi a gefen mawaƙan cocinsu tun gashinsa yana baƙi.

A zamaninsa ba a samun wayoyin bes a jere a Jalingo. In ɗaya ta tsinke, sai a jira mai zuwa Jos ko Anaca ya kawo abin da ya samu. Shi ya sa wayoyin Manasseh ba uwa ɗaya ta haife su ba. Mai kaurin cikinsu, ya gaje ta ne daga wani makaɗi da ya rasu a Kona. Biyu na tsakiya babu wanda ya san asalinsu. Siririyar kuwa wayar kulocin babur ce. In muryarsu ta dushe, yakan kwance su ɗaya bayan ɗaya ya tafasa a tukunya har dattin yatsu ya fita, ya shanya, ya mayar. Matarsa Rebeka ta daɗe da sallama masa tukunyar.

Kowace waya da irin janta. Wata tana ja kamar sa, wata kamar akuya. Wuyan jitar ya soma lanƙwasa, Manasseh ya riƙa ɗaure ƙarfen da ke cikinsa don ya yi tsayayya, yana ƙara ɗaurewa shekara da shekaru, har kan kusar da ake ɗaure ƙarfen da ita ya cinye, ba gaba ba baya. A haka itace da ƙarfe da waya suka yi sulhu. Hannunsa ma ya shiga sulhun: yatsun suka yi kanta, suka san inda ake dannawa da ƙarfi da inda ake lallaɓawa. Duk wanda ya ɗauki jitar nan sai ya ajiye yana yarfa hannu. Wannan ne ya tsare masa gurbinsa fiye da duk wata takardar shaida.

Sai zumuntar mata ta coci ta ga ya dace a girmama shi. Suka aika Legas aka sayo wayoyi na gaske, huɗu a kwali ɗaya, irin waɗanda aka auna jansu ya zo daidai, masu laushi a hannu. Ranar bikin godiyar girbi, bayan an gama jera doya da buhunan masara a gaban bagade, Fasto Philemon ya kira shi, ya miƙa masa kwalin, ya kuma ɗaga filaya sama.

"Fasto," in ji Manasseh a hankali, "a bari in canza su a gida. Ɗaya-ɗaya ake yi."

"Haba, Baba! Kyautar da aka yi a gaban jama'a, a gaban jama'a ake sa ta. Iyayenmu mata su ga aikin hannunsu."

"To a kwance, kada a yanke."

"Don ka kai gida ka sake dafawa?" Coci ya fashe da dariya. "Mama Rebeka, yau tukunyarki ta samu 'yanci!"

Fasto ya yanke su da hannunsa, huɗun duka. Da kowace ta tsinke sai mata su rangaɗa guɗa. A ta ƙarshe Manasseh ya ji wuyan jitar ya motsa a tafinsa, kamar mutum ya miƙe bayan an sauke masa kaya.

Sabbin wayoyin ba su da laifi. Jansu daidai yake, sai dai bai kai na tsofaffin ba, ƙarfen cikin wuya kuwa yana nan yana ja da ƙarfinsa na da. Wuyan ya gantsare baya, wayoyi suka kwanta a kan itace. Ya taɓa, jitar ta yi ƙugi kamar ƙudan zuma a gwangwani. Ya danna yadda ya saba, sauti ya zarce inda ake nemansa. Aka tafa masa duk da haka, tunda an riga an yi niyya.

Ya gwada duk abin da mai walda zai iya. Ya cusa ƙyallen gwangwani a ƙarƙashin wayoyin, ya ɗora wa wuyan dutse, ya shanya jitar a rana. Ya nemo wata wayar kuloci, amma waya ɗaya ba ta maido da abin da huɗu suka yi shekaru suna yi. Da aka ara masa lafiyayyar bes daga wani coci, sai ya tarar hannunsa bai iya lafiyayya ba.

Peter, mai kaɗa fiyano, ma'aikacin sakatariya ne kuma mutum ne mai ladabi. Wata Lahadi kawai ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya murɗe sautin sifikar Manasseh har ƙasa, ya riƙa yin muryar bes a fiyano da hannunsa na hagu. Bayan sujada mata suka kewaye Manasseh suna cewa lallai sabbin wayoyi sun zauna, yau kiɗa ya yi daɗi. Ya yi musu godiya.

Haka ake yi har yanzu. Yana tsayawa a gurbinsa da rigar mawaƙa, yatsunsa suna aiki, waƙa tana tafiya lafiya.

Rebeka ce ta kasa haƙuri. Suna dawowa gida wata rana, ya rataya jitar a baya, ta ce, "Baban Joy, ka san a kashe sifikarka take?"

"Bes a ƙafa ake jinta kafin kunne. Tun ranar farko na sani."

"To me kake zuwa yi?"

"In na zauna a gida, matan nan za su gane abin da kyautarsu ta yi."

"Sai yaushe ke nan?"

Ya gyara igiyar jitar a kafaɗarsa, ya duba hanya kafin su tsallaka.

"Peter ya ce ranar Alhamis akwai koyon sabuwar waƙa," in ji shi. "Ki tuna mini."