Jaket Bakwai a Tashar Suleja

An sa jaket ɗin abokina a gwanjon waya, da yardata. Mutanen ƙetare suka yi ta tayi. Ana gab da rufewa na ce albarka, na ɗauke abina.

Ni ɗan dako ne. Tun ina da ƙarfi nake sauke kaya a tashar Suleja: doya, siminti, dilar gwanjo, duk abin da mota ta kawo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba.

Mu bakwai muke aiki tare a wancan lokacin. Wata rana muna sauke wa wani ɗan kasuwa diloli cikin ruwan sama, ɗaya ta fashe a taɓo. Ya ce sisinsa ba za mu gani ba, sai dai mu kwashi abin da ya ɓaci. Cikin abin da ya ɓaci akwai jaket masu kauri, iri ɗaya, jiki baƙi, hannu ruwan toka, da manyan haruffa uku a ƙirji. Haruffan ba boko ba ne, ba ajami ba. Mun kai wa wani malamin firamare, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ba a koya masa ba. Da muka wanke muka shanya, sai ga su bakwai cif.

Babbanmu, wanda ya girme mu duka, ya ce, "To, Allah ya ƙirga mu."

An yi mana dariya. Jaket a zafin Suleja! Direbobi suna ce mana Turawan tasha. Amma idan ka ninke ta ka ɗora a kafaɗa, babu gammon da ya kai ta. Buhun siminti ba ya cin fatarka. Da asubar damina kuma ka warware ka saka. Kafin shekara ta zagayo, mai kaya zai shigo tasha yana cewa a kira masa 'yan jaket.

Tun da ba wanda ya san ma'anar haruffan, babbanmu ya ba su tasa. Ya ɗora yatsa a kan na farko, ya ce wannan na nufin ba a taɓa kayan mutane, ko ƙwayar gyaɗa. Na biyu, wanda ya kwanta ciwo, rabonsa na nan, a kai masa gida. Na uku, wanda ya mutu, mu za mu ɗauki makararsa, jaket ɗinsa kuma ta koma hannun babban da ya rage. Ba mu yi rantsuwa ba. Mun ce to, shi ke nan.

Harafi na ukun ne ya fi ba mu aiki. Motar siminti ta kife da mu kusa da Gauraka, muna zaune a kan lodi. Biyu suka rasu nan take. Ni buhuna suka danne ni, ina jin mutane suna cewa babu kowa a nan. Abokina, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, shi ya ce akwai. Ya yi ta tono da hannu har farcensa ya cire, ya ga hannun jaket, ya ja. Bayan shekaru tari ya kama shi, ƙurar simintin ta cinye masa ƙirji. Ni na kama gaban makararsa. Babbanmu ya bi. Sauran ma suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Jaket suka yi ta dawowa har suka taru a akwatin ƙarfena, da tawa bakwai.

Akwai wata mata 'yar kudu mai shago a bakin tasha, kowa Madam yake ce mata. Gwanjo take sayarwa, amma rabin cinikinta a waya ne. Bayan damina na shanya jaket ɗin a kan katanga don su sha iska, ta zo wucewa ta tsaya cak.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"A taɓo."

"Abeg ka daina wasa. Ka san mene ne wannan?"

"Gammo."

Ta riƙe baki. Ta ce rigar ƙungiya ce, ta ɗaliban jami'a a can ƙetare, masu kiran junansu 'yan'uwa. Ta ce akwai wurin gwanjo a intanet da ake sa irin waɗannan tsofaffin, da zobba da bajo na ƙungiyoyin, ana tayi har mai ƙarfi ya ɗauka. Ta ce tsufansu shi ne kuɗinsu.

A lokacin bayana ya gama. Buhu ɗaya, sai in yi kwanaki a tabarma. Ina son in kafa ɗan tebur in zauna, in daina ɗaukar kaya. Na buɗe akwati na duba. Ta abokina ce ta fi kyau, don shi mutum ne mai tsafta, haruffanta ba su ɓare ba. Na ce a raina da yana nan da cewa zai yi, sayar mana, wawa, riga ce. Na miƙa mata.

Ta ɗauki hotonta gaba da baya, ta sa a gwanjon. Kullum sai ta kira ni in ga waya. Ban iya karantawa ba, amma na ga lambar tana ƙara tsawo. Ta ce mutum biyu ne suka kafe, wannan ya taya, wancan ya ɗara. Tana rawa a ƙofar shago.

"Baba, teburinka ya zama kanti!"

Ranar da za a rufe, ɗaya daga cikin masu tayin ya aiko da saƙo. Madam ta karanta, ta ce ba komai ba ne. Na ce ta faɗa mini. Ta ce dattijo ne, ɗan ƙungiyar, tun kakansa suke ciki. Ba don ya saka yake saye ba. Su al'adarsu ce, duk inda suka ga kayansu a gwanjo sai su haɗa hannu su saye, don kada su zauna a jikin bare. Yana tambaya ko akwai wasu, ya kwashe duka.

Na ce, "Wane ne baren?"

"Baba, ba da kai yake ba. Haka suke magana."

"A jikin wa take?"

Ta mayar da idonta kan wayar.

Na ce ta tambaye shi me mutum yake yi kafin ya cancanci sakawa. Ta rubuta. Bai daɗe ba ya amsa. Ya ce sai ka shiga jami'a, a zaɓe ka, a gwada ka, ka yi alkawari gaban 'yan'uwa. Ya ce alkawarin har mutuwa ne.

Na ce, "To rubuta masa. Mai wannan rigar ya tono mutum daga ƙarƙashin siminti da farcensa. Bai taɓa cin ƙwayar gyaɗar wani ba. Mun ɗauke shi zuwa kabari muna sanye da irinta. Tambaye shi ko gwajinsu ya fi wannan."

"Baba, kasuwa muke yi, ba wa'azi ba."

"Rubuta."

Ta rubuta tana tsaki. Dattijon ya amsa da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi ta'aziyya. Ya ce abokina mutumin kirki ne. Amma ya ce haruffan nasu ne, rigar gida za ta koma, za a ajiye ta inda ya dace.

Na ce, "Albarka."

"Me?"

"Cire ta."

Madam ta ɗora hannu a ka. Ta ce an kusa rufewa, idan ta janye yanzu za su ɓata mata suna a wurin, ba wanda zai ƙara yarda da kayanta. Ta kira ni tsoho mai taurin kai, ta ƙara da wasu a yarensu. Gaskiyarta ce, ni na jawo mata. Na ce duk dilar da za ta zo mata a shekarar nan, saukewa a kaina. Ta ce da wane bayan? Na ce wannan ba ruwanta. Ta cire. Na naɗe jaket ɗin a hammata na tafi.

Ban ji haushin dattijon ba. Ya tsare nasa, na tsare nawa. Abu ɗaya ne cikin maganarsa ya tsaya mini a wuya: tun kakansa. Su tsofaffi na mutuwa, sababbi na shiga. Mu kuwa tamu ƙungiyar tana cikin akwati tare da kyankyasai.

Sai na fara sa ido a tasha. Akwai wani Bagwari, magidanci, da na ga buhun wake ya yage masa, ya durƙusa ya tsince tas, ya mayar, mai kayan ma ba ya wurin. Na kira shi gefe, na nuna masa haruffan, na faɗa masa abin da babbanmu ya faɗa. Ya ce na ukun fa, shi ba musulmi ba ne. Na ce gawa ba ta tambayar kafaɗa. Ya karɓa. Shi ya sauke wa Madam dilolinta, ina tsaye. Bayansa na ba wasu uku. Wani ya zo da kansa ya roƙa, na hana shi, na san hannunsa.

Ta abokina ban ba kowa ba tukuna. Ban ga wanda ya kai ba.

Teburin ban kafa ba. Madam ta huce, har takan aiko mini da shayi, ko da yake duk ta gan ni sai ta ce ga wanda ya ƙi arziki. Yanzu ina zaune a kan benci a ƙofar tasha, ni nake raba wa 'yan jaket lodi, su kuma suna cire mini rabona kamar yadda harafi na biyu ya ce. Mu biyar ne. Biyu na cikin akwati.