Ranar da Na Kushe Gangar Tsoho

Da hanci nake cin abinci. Mahaifina turare ya sayar a Kano har ya koma ga Allah, ni kuma na ɗauko sana'ar na kawo ta Guangzhou, na kama ɗan shago a kasuwar Tianxiu ina haɗa wa 'yan kasuwarmu abin da za su kai gida. In ka buɗe kwalba a bakin ƙofa, daga inda nake zaune zan gaya maka ko an yi wa man algus. Ina taƙama da wannan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Hancin nan ne ya kai ni wurin masu wiski. Na je wajen maƙeran jan ƙarfe a bayan gari in sayi 'yar tukunyar tatsar man fure, sai na tarar da wani mutum mai tabarau yana duba wata shirgegiyar tukunya. Da ɗan Sinancin da nake da shi na tsokane shi, na ce rigarsa tana ƙanshin jiƙaƙƙen sha'ir da hayaƙin itacen lici, wata bishiyar marmari ta ƙasarsu. Ya saki baki yana kallona. Ashe shi da kawunsa ne suka fara dafa wiski a duwatsun arewacin birnin, a wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi, tun ana musu kallon mahaukata. Ya roƙe ni in riƙa zuwa ina shinshina musu ganguna.

Ba zan wanke kaina ba, na san ba wurina ba ne. Alhajin da ke maƙwabtaka da shagona, mutumin Maraɗi, ya ce min, "Malam, ka ce ba ka kai wa baki. To hancin a jikin wa yake?" Na yi dariya na bagarar da maganar. Abin da ya ja ni shi ne shirun da suke yi in na ɗaga kofi, kowa yana jiran abin da zan ce. A Tianxiu ba mai yi min irin wannan shirun.

Kawun tsoho ne gajere, babu yatsu biyu a hannunsa na hagu, tururi kuma ya taɓa saɓule masa fatar wuya. Barasar shinkafa ya gada kaka da kakanni. Mai tabarau kuwa a Turai ya koyo tasa. Ban taɓa zuwa wurin nan na tarar da su lafiya ba. Na ga tsoho ya watsa masa bokitin dusa mai zafi a ƙafa a kan maganar wuta. Na ga mai tabarau ya shaƙe wa tsoho kwala ya haɗa shi da bango, har sai da leburori suka ɓamɓare shi. Washegari kuma ka gan su a tsugune suna cin taliya a kwano ɗaya. Duk da haka, kusan duk wanda ya buɗe ƙaramar matata a yankin daga baya, a hannunsu ya koya, har da zagin.

Babban rikicinsu a kan ganga yake. Mai tabarau daga Turai yake sayo nasa gangunan katakon. Tsoho ya ce wiskin da ya kwana a itacen wasu, na wasu ne. Ya sare bishiyar licin da ubansa ya dasa, ya fafe ta, ya haɗa ganga guda da hannunsa, ya babbake cikinta, ya cika, ya jira shekara biyar. Ranar buɗewa suka gayyato almajiransu na dā, masu matatun yankin, aka yi sharaɗi. Za a ajiye min kofi biyu babu alama, wanda na zaɓa shi za a bi daga ranar, wanda ya faɗi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

A kasuwarmu, abin da ya tafi da ranka shi kake kushewa. Da mari mahaifina ya koya min wannan, ranar da na yaba wani man sandal a gaban mai shi. In ka ji mai kyau sai ka ɓata fuska, ka yi tsaki, ka ture kwalbar, ka zagaya, sa'an nan ka dawo mata kamar ba ka so. Wanda ba za ka saya ba shi kake yabo. Na fi shekara ashirin ina yin haka, har fuskata ta riga tunanina.

Da hantsi ne, ana babbakar wasu ganguna a tsakar gida. Na ɗaga kofin farko, lafiyayye ne, ba wani abu. Na gyaɗa kai na ce yana da kyau. Na ɗaga na biyu. Dabino ne da zuma da hayaƙi mai sanyi, a ƙarƙashinsu kuma ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko. Tsikar jikina ta tashi. Kafin in ankara na yi tsaki, na ture kofin da bayan hannu na ce, "Meyo," wato babu komai a ciki. Niyyata in zagayo in dawo masa. Mai tabarau ya san wane kofi ne na wa, ya ga na tsoho na ture, ya fashe da dariya a gaban mutane.

Tsoho ya juya ya ɗauko gudumar da suke buga ɗamarar ganga da ita, ya nufi gangarsa. Bugun farko ya girgiza ɗakin. A na biyu ɗamarar ƙarfe ta ɓalle ta yanki wani baƙo a ƙwauri. Ina ta ihu, "Laoban, maigida, tsaya, ita ce, wallahi ita ce," amma Sinancin ya gudu ya bar ni, da Hausa nake yi.

Mai tabarau ya daina dariya, ya ɗare bayan kawunsa. Tsoho ya kai masa gwiwar hannu, gilashin ya tarwatse a fuskarsa, jini ya wanke masa ido. Ya lalubo kwalba a kan tebur ya rotsa ta a kan tsoho. Tsohon ya durƙusa, ya miƙe da jini yana bin wuyansa, bai saki gudumar ba. Baƙi suka watse, wasu suka ruga kashe wutar tsakar gida, domin barasa ta fara malala zuwa ƙofa. Ni kuwa na shiga tsakanin tsoho da gangar na ware hannu. Ya riga ya saki bugun.

Ƙarar na fara ji a cikin kaina, kamar an taka ƙwarya. Na farka a ƙasa ina haɗiyar jini, gangar ta dare a kaina, abin da ke cikinta yana kwarara a fuskata yana shiga bakina. Wani yana jan ƙafata a kan fasassun kwalabe.

Sati uku na yi da auduga a hanci. Likita ya ce ƙashi zai haɗe, sauran kuma sai mun gani. Na fito daga asibiti da kwana biyu, ban ma buɗe kwalba ko ɗaya ba, sai ga tsoho a ƙofar shagona da ɗinki a ka, riƙe da wani abu a nannaɗe cikin jarida. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya zauna ya ce, "Pengyou, aboki, gaya min gaskiya. Da gaske babu komai a ciki?"

Na yi masa bayanin yadda muke ciniki, da marin mahaifina, a hankali, ina haɗawa da hannu. Na ce tunda nake ban taɓa jin ƙanshi irin na gangarsa ba. Ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Ya warware jaridar. Guntun katakon gangar ne, cikinsa baƙi ƙirin. Ya ce nasa hancin ya tsufa, kuma bai samu ya ɗanɗana ba kafin ta zube. Ya miƙo min da hannu biyu.

"Faɗa min abin da ke ciki, in ji."

Na kai shi hanci na ja. Na sake ja har hancin ya yi min zafi. Na ajiye, na buɗe man oud mafi ƙarfi a shagon, na ja. Iska kawai na ji tana shiga.

Tsoho yana zaune yana jira, ya ɗan karkato da kunnensa wajena.