Labulen Gado na Huɗu

Ɗakin maza na ƙaramin asibitin da aka kwantar da kawuna gado shida ne, kowanne da koren labule wanda bai kai ƙasa ba. Mai sharar ɗakin wata dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo Bokiti. Shekararta ashirin da biyu tana goge wannan daɓen, ita ce kuma ke wanke labulayen, ta ɗinke inda ya yage.

Inda na yi karatu, likita ƙofa yake rufewa. Shi ya sa da na ji nas ta ce za a sa labule da mai gado na huɗu, wato kawu, na ce wa Gwaggo wannan ai ba sirri ba ne, tarinsa ma har baranda ake ji.

"Ɗan nan, labule ido yake tarewa," in ji ta. "Kunne kuwa, mai shi ke tare abinsa."

Fitsari ne ya fara kufce wa kawu. Ni mai wanke masa kaya na sani, Gwaggo mai kwashe zanen gado ta sani. Likita ne bai sani ba, don mijin 'yar kawu kullum yana kan benci, taku biyu daga gadon. Kawu ya gwammace ciwon da a ce surukinsa ya ji.

Rana ta uku, likita na jan labule, Gwaggo ta dire bokitinta na ƙarfe a gaban surukin.

"Malam, gona ka je da takalmin nan? Ɗaga ƙafa! Ba wannan ba, ɗayar. Da ganinka matarka na shan aiki."

"Haba Gwaggo, yau kuma ni aka tasa a gaba?"

"Kai ɗin fa!"

Ta dinga buga sandar goge-goge a ƙafar benci tana mita, shi kuma yana ba ta haƙuri da murya sama, fiye da girman laifin. Ta ƙasan labule ina hango takalman likita, sun daɗe ba su motsa ba. Da aka yaye, kawu na riƙe da takardar magani.

Washegari surukin ya zo da leda, ya miƙa wa Gwaggo a baranda. Shimfiɗar roba ce da zanen gado biyu.

"Ki ce masa na asibiti ne."

"To da na wa ne?" in ji ta. Ta sa farce ta ɓamɓare takardar farashin da ke manne a jikin kayan, ta shiga, ta ja labulen gado na huɗu.