Wuyan Rigar Hedimasta

Maigidana da ya koya mini ɗinki a Nasarawo yana da doka guda: in almakashi na hannu, baki a rufe. Ko sallama aka yi masa yana yanka, sai ya kai ƙarshen yadin zai amsa. Mun sha yi masa dariya a bayan ido, amma da na buɗe shagona dokarsa na ɗauka. In zan yanka, sai in kashe waya in jefa ta aljihun tebur. Kuma wallahi ba a taɓa dawo mini da aiki gyara ba.

Sai zamani ya juya mini baya. Sababbin telolin layinmu ƙafa na kan keke, kunne na waya, hannu ɗaya na ɗaukar hoton riga. Ɗinkin kuwa Allah ya kyauta, kafaɗa ɗaya ta girmi ɗaya. Amma su ake kai wa, don suna ɗaukar waya. Ni in na kunna tawa sai in tarar da saƙo: “Mun kira ba ka ɗauka ba, mun kai wani wurin.”

Mutum ɗaya ya rage mini, wani tsohon hedimasta daga unguwar Malam Inna. Ya sha faɗa mini cewa don tsabtar wuyan rigar da nake ɗinkawa yake hawo acaɓa har shagona. Saboda shi nake lallashin kaina cewa akwai mai ganin bambanci.

Gab da sallar bara ya kawo shadda. A lokacin tsoro ya sa wasu ranakun ba na kashe wayar. Ina yanka wuya ta yi ƙara, na maƙale ta a kafaɗa, ina ciniki da wata mata almakashi na tafiya. Wuyan ya karkace hagu. Kaɗan ne, amma ya karkace, kuma babu sauran yadi.

Ran da ya zo karɓa na shirya shan faɗa. Gaskiya ma so nake ya yi faɗan. Ya saka rigar ya tsaya gaban madubi, tasa wayar a kunne.

“Baba, a duba wuyan,” na ce.

Ya ɗaga mini hannu yana magana da wani. “Ya yi, ɗana, ya yi. Kamar kullum.”

Raina ya mutu. Ya hau acaɓa ya tafi, na zauna ina kallon almakashin. Tun ranar ban ƙara kashe wayar ba.