Majken da Turakun Jirginta

Majken Sundkvist ta yi aikin girki a makarantar garinmu har ta yi ritaya, amma a bakin tafki ba da girki aka san ta ba. Tun tana budurwa, da zarar ƙanƙara ta narke ruwa ya ɗan yi ɗumi, za ka hango ta tsaye a kan katakon zamiya, riƙe da igiya, jirgi mai inji yana jan ta. Tun da ta yi aure, mai tuƙin kullum mijinta ne, Folke, tsohon direban bas, wanda bai taɓa ɗora ƙafa a kan katakon ba. Gidansu na jikin namu, a gadar katako ɗaya muke ɗaure jiragenmu, shi ya sa kusan komai nasu a kan idona yake faruwa.

Bara waccan aka yi mata aiki a ƙugu, tana dab da shekara saba'in. Duk hunturun nan ta yi shi tana tattaki da sanduna biyu a bakin tafki, ba ta fashi ko ana zuba dusar ƙanƙara. Likita bai hana ta zamiya ba, ya dai ce ta bi a hankali.

Ranar da ta fara komawa ruwa, zamiyar ta tafi lafiya lau. A wajen hawowa jirgi aka sami matsala. A gefen jirgin akwai ƙarfen ɗaure igiya, wanda muke ce wa turke, mai ƙaho biyu a tsaye. Da can tsallake shi take yi ba ta ko kallo. Yanzu ƙafar ba ta ɗaguwa sosai, sai ƙahon ya kama rigar ruwanta ya yage, ya karce mata cinya.

Folke ya kalli jinin ya ce, "Tsohuwa, ko dai mu haƙura haka nan?"

"Da ni za ka haƙura ko da ƙarfen?" in ji ta.

A makon ya sayo sababbin turaku, irin masu nutsewa: ka danna da yatsa ya taso ka ɗaura igiya, ka gama ka danna ya koma ya shafe daidai da jikin jirgi.

Ranar Asabar da hantsi suka kira ni in riƙe musu sifana. Folke ya riga ya kwance tsofaffin, yana so ya sa sababbin a gurbinsu, tunda ga ramuka nan a huje.

Majken ta ce, "A'a. Tun da muka sayi jirgin nan, sau nawa ka ɗaure shi?"

"Ni ai tuƙi nake yi."

"To ni ke ɗaurewa. Matsa."

Ta shiga ta zauna a kujerar da take zama, ta miƙa hannu gefe ba tare da ta tashi ba, inda yatsunta suka kai ta manna salatif. Turakun baya ta matsar da su gaba, nesa da inda take hawowa da kuma inda igiyar ja take sharewa idan jirgi ya karya kwana. Na goshi kawai ta bar masa ya zaɓa.

Sai dai turke mai nutsewa yana buƙatar fili a ƙarƙashinsa. Folke ya kwanta rigingine, ya cusa kai ƙarƙashin gefen jirgin da tocila, muna ganin ƙafafunsa kawai. Can muka ji muryarsa.

"Sarauniya, wayar sitiyari ce ta bi ta ƙarƙashin salatif ɗinki. In na huda nan, sai dai mu riƙa zagaye wuri ɗaya."

"Ba haka ka yi da bas ba har ka tsufa?"

Ya yi dariya har kansa ya bugi katako. Aka matsar da alamar gaba da kamar taƙi ɗaya, ta sake zama ta gwada, ta ce hannunta yana kaiwa.

Ya ɗauki injin huda. Jirgin nan da hannunsa yake goge shi duk bazara. Ya fara juya injin da baya don kada fentin ya tsage, sannan ya huda, ya yanke ramin, ya goge bakinsa ya shafa gam. Daga ƙasa ya sa farantin ƙarfe don ƙarfin igiya kada ya fizge turken, ni ina riƙe ta sama shi yana ɗaure noti. Ya haɗa siririn tiyo da zai fitar da ruwan da ke taruwa a cikin ramin. Turken farko ya cinye mana safiya, sauran suka zo da sauƙi. A tsakani Majken ta kawo kofi da burodin kirfa, muka ci a kan gadar, ƙafafunmu na lilo a saman ruwa.

Tsofaffin ramukan Folke ya cike su da kansa. Farin da ya haɗa bai zo daidai da na jirgin ba, har yau in rana ta haska kana ganin tabon, kuma ba ya so a yi maganarsa.

Yanzu kusan kowace safiya in ruwa ya kwanta sukan fita. Zagaye ɗaya take yi, ba kamar da ba, ta saki igiya ta nutse a hankali, ya juyo ya ɗauke ta. In sun iso gada, tana zaune take danna turken tsakiya ta ɗaura, tana ba shi labarin inda ya yi gudu da yawa.

A bana na sayo irin nasu guda huɗu. Na tambayi Folke ko zai taimaka mini, ya ce huda dai zai huda, amma maganar inda za a sa, in tambayi wanda ke ɗaure jirgi a gidanmu. Na koma gida na kira matata.