Darmaji Mai Fitilun Motar Kiɗa

Darmaji yana saurayi kwandastan bas ne a hanyar Blitar zuwa Malang, kuma duk tasha an san idan ya cire hula to wani zai zubar da haƙori. A wani faɗa kan fasinja aka sare masa yatsu biyu na hagu da lauje. Direbobi suka daina ɗaukarsa, ya dawo ƙauyenmu ya tare a shagon surukinsa mai gyaran rediyo, yana hararar masu wucewa.

A nan ya koyi aikin fitilun nan masu kama da igiya, waɗanda kowane ƙwai a jikinsu yake da lambarsa. Wani ɗan allo da bai fi akwatin ashana ba shi ke gaya wa kowane ƙwai launin da zai yi da lokacin da zai yi shi. Da sauran yatsun yake danne waya, ya liƙe ta da dalma da hannun dama. Har ya kai yana sa haske ya ruga daga goshin mota zuwa bayanta yana bin bugun ganga. Da bikin ƙauye ya matso, shi muka damƙa wa babbar motarmu ta kiɗa ya ƙawata.

Ranar bikin, gab da magariba, motarmu ta yi kiciɓis da ta ƙauyen ƙetare a kan gadar da ba ta cin mota biyu. Shugabansu Wagiman, wani ƙaton mahauci, ya diro yana gyara ɗaurin zani.

"Mas Dar, ja wannan akwalar baya, ko in ƙarasa maka sauran yatsun," ya ce wa Darmaji. A yarenmu Mas shi ne yaya, haka mata ma ke kiran mazajensu.

"Sai dai ka ɗauke ta a ka, Wagiman," in ji Darmaji. "Ai wuyan bijimi gare ka."

Muka kwashe da dariya. Wagiman ya kai hannu ya fizgo igiyar fitilun, gefen motar ya mutu ɗif, ya jefar da allon ya take.

Darmaji ya kwaɗa masa sifana a muƙamuƙi, har daga bakin gada na ji ƙarar ƙashin. Nan wuri ya kacame: gora, duwatsu, kwalabe. Aka fasa wa direbanmu kai, wani ɗan ƙetare ya faɗa rafi ya karye a cinya. Darmaji kuwa ya haye ruwan cikin Wagiman, ya naɗa masa igiyar fitilun a wuya yana ja, jini na zuba daga hancinsa a kan fuskar mutumin. Idanun Wagiman suka firfito, ƙafafunsa na shure-shure. Mu huɗu muka kasa ɓamɓare Darmaji, sai da matarsa Sumiati ta ratso taron ta gantsara masa cizo a kunne.

"Mas, kashe shi za ka yi? Ni ka bar wa wa?"

Sannan ya saki.

Wagiman ya rayu, amma muryarsa ta tafi, da nuni yake sayar da nama yanzu. Darmaji ya yi zaman kurkuku, ya fito da furfura da ɗingishin da bai taɓa faɗin inda ya samo ba. Bai ƙara taka wajen biki ba. Kekunan da ke zagayawa da yara a bakin kasuwa yake yi wa fitilu, Sumiati na gefensa tana soya wainar ayaba. In suka haɗu da Wagiman a hanya, kowa ya kalli gabansa ya wuce.