Injin da aka ce Baba ya kashe

Warin gazuwal, man dizal, a hannu ba ya fita da sabulu ɗaya. Duk sanda na ji shi, ko a bakin biro ne, ofishin da nake aiki, sai in tuna rumfar injin niƙanmu a ƙauye, wajen Gaffati.

Injin na kakanmu ne, ya bar wa 'ya'yansa biyu: Baffa, wanda shi ne babba, da mahaifina. Da shi gidan ke ci in gero ya ƙare kafin kaka. Wata bazara ya fara rasa ƙarfi, Baba ya kwance shi. Ya taɓa koyon gyara a wani garaj a Damagaram. Ba zan ce gwani ba ne, yaro nake lokacin, amma abin da na gani ke nan.

Ya sa yatsana cikin silinda, ramin da fistan ke hawa da sauka. Santsi kamar cikin tangaran.

"Ka ji? Wannan santsin ne ciwon," in ji shi. "Mai ba ya samun wurin zama."

Ya naɗa takardar gugar ƙarfe a sanda, ya jiƙa da gazuwal, yana murzawa yana sama da ƙasa, har ƙananan zane suka fito a gicciye kamar saƙar tabarma. A nan mai zai kwanta, sababbin zobban fistan su kama.

Da la'asar Baffa ya zo da abokan hirarsa. Ya leƙa, ya ɓata fuska.

"Kai, gyara aka sa ka ko yaƙushi? Ƙarfen kirki ƙyalli yake. A goge min shi."

A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban baƙi. Na ga bakin Baba ya motsa.

"To, Yaya," ya ce.

Da hannunsa ya goge, da toka mai laushi da tsumma, har fuskata ta fito a ciki. Baƙin suka yaba.

Injin ya tashi, amma yana shan mai yana aman hayaƙi, gari yana fitowa da wari. Mata suka koma ƙauyen gaba da ƙwaryarsu. Kafin girbi injin ya tsaya. Ba wanda ya ce Baffa ne. Cewa aka yi ɗan garaj ya kashe injin ubansa, kuma ko keke ba a sake kawo masa ba. Wataƙila injin ya riga ya tsufa, ban sani ba, ina tsoron zaluntar dattijo. Na dai san me yatsana ya taɓa, kafin da bayan.

Da na girma na tambayi Baba me ya hana shi magana. Ya ce, "Yayana ne."

Yanzu injin niƙa uku ne a ƙauyen, ba namu ko ɗaya. Baba ya rasu. Gangar injin na nan a tsakar gida, Baffa na ɗaure akuya a jikinta. Bara ya nuna min ita da sandarsa.

"Allah ya jiƙan ubanka. Hannunsa ne bai da sa'a."

Akwai baƙi a wurin. Na ce, "To, Baffa."